Motar Sulken da Ta Mutu a Ƙofar Gidanmu

A ƙofar gidanmu motar sulken ta mutu, wata ranar Alhamis da la'asar, damina na tsakiya. Ban ga mutuwar tata da idona ba, don ina wajen aiki. A lokacin ni akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, cikin mutanen nan da tsadar haya ta koro daga birnin, muke kwana a Keffi mu yi sammako mu cika motocin haya. Da na sauka daga bas na gangaro unguwarmu, Gangaren Tudu, sai na hango taro kamar ana rabon taki. A tsakiyar taron ga wani abu kore, ƙato, ya tare rabin hanya, bakin bindigarsa na kallon tagar ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, waina take toyawa a ƙofar gida, a gabanta aka yi komai. Ta ce jerin motocin soja ne suka taso daga wani bariki za su Abuja, wai za a yi faretin nuna kayan yaƙi. Wata tirela ta faɗi a babban titi, sai aka karkato da su ta cikin gari. Manyan motocin ɗaukar sojoji suka wuce, ƙananan nan masu bindiga a baya suka wuce, wata mai jan igwa ta wuce. Wannan ce ta ƙarshe. Tana zuwa daidai dalbejiyarmu ta yi tari sau uku, ta saki hayaƙi baƙi ƙirin, ta yi shiru.

"Ni fa na ɗauka harbi za ta yi," in ji Gwaggo. "Har na yi salati na rungume kwanon ƙulluna. Ashe ita ma baiwar Allah ta kanta take yi."

Wani hafsa ya dawo da baya, ya yi ta tsawa, ya harbi taya da ƙafa. Da tsawa ta ƙi aiki sai ya ware mutum biyu, sajan ɗaya da kofur ɗaya, ya ce su tsare ta, gobe da safe injiniyoyi na zuwa. Goben nan sai da ta kai mu har kaka.

Motar dai abin kallo ce. Tayoyinta shida, kowace ta kai ƙirjina. Ba ta da taga sai wasu 'yan tsagu kamar idon mai jin barci. A samanta akwai wata 'yar hasumiya mai juyawa, a nan doguwar bindigar take. In ka ƙwanƙwasa jikinta ba ka jin komai sai zafin yatsanka.

Wanda zuwanta ya fi faranta wa rai shi ne Baffa, yayan mahaifina. Baffa ya yi shekara ashirin da biyu a aikin soja, kuma duk gidanmu mun san da keken ɗinki ya yi su. Tela ne. Shi ke rage tsawon wando, shi ke maƙala wa mutum igiya a hannun riga in an ƙara masa girma. Amma in ya zauna a majalisa sai ka ji yana cewa, "Mu da muka ga wuta." Wutar da muka tabbatar ya gani ita ce ta dutsen guga.

Washegari ya fito da tsohuwar hularsa ta soja, wadda asu ya ci gefenta, ya sa aka kawo masa kujera gindin motar. Wani ɗan acaba ya ce, "Kai, wannan tanka da girma take!"

"Rufe mana baki," in ji Baffa. "Tanka sarƙa gare ta. Wannan mai tayoyi ce, motar sulke ake ce mata."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce gaskiya ta ƙarshe da na ji daga bakinsa game da motar. Daga nan sai ya buɗe. Ya ce tana gani ta cikin bango. Ya ce tana ninƙaya, in ta ga dama ta haye Binuwai ba tare da direba ya jiƙe ba. Ya ce bindigar nan in an saita ta daga nan ƙofar gidanmu, za ta tsinci mutum a kasuwar Garaku ta bar wanda suke ciniki da shi a tsaye. Duk wanda ya yi kamar zai yi musu sai Baffa ya juya ga sajan.

"Ko ba haka ba, Sajan?"

"Yadda Baba ya faɗa," in ji sajan.

Ban ga laifinsa ba. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Guzurin kwana ɗaya aka bar musu, kuma ta hannun Baffa wainar Gwaggo ke isa gare su. Da Baffa ya ce motar tana tashi sama ma, na tabbata zai gyaɗa kai.

Muna da maƙwabci bakanike, wanda ke gyaran tifofin nan masu jigilar yashi da dutse zuwa Abuja. A rana ta biyu ya zo ya zagaya motar, hannayensa a baya. Ya durƙusa ya shinshina bututun hayaƙinta. Ya tambayi kofur, wanda shi ne direban, yadda ta yi kafin ta tsaya. Kofur ya kwaikwayi tarin. Bakanike ya ce ya sake. Ya sake.

"Mugun mai ta sha," in ji bakanike. "A wanke tanki, a sauya filta. Aikin rabin yini ne."

Sajan ya miƙe ya tare shi da hannu. "Kada ka taɓa. Farar hula ba ya taɓa. Sirrin gwamnati ne a ciki."

Baffa ya ɗora da nasa. "Kai ka ɗauka tifa ce? Mutanen da suka ƙera wannan, ko sifanarsu ba za a ba ka ka riƙe ba."

Bakanike ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma garejinsa.

Kullum da safe sajan zai je wajen masu wayar kuɗi da ke ƙarƙashin lema a bakin titi, ya buga bariki. Kullum zai dawo ya ce, "Suna zuwa." Mutanen unguwa suna mamaki, ni kuwa ko kaɗan. Na san abin da ke faruwa kamar ina wajen. An rubuta takarda, takardar ta hau teburin wani, shi kuma ya tafi kwas. A kan nawa teburin ma a Abuja akwai fayil ɗin wata makaranta da iska ta kwashe wa rufi, ya yi wata huɗu ina aza kofin shayi a kansa. Saboda haka in ana zagin masu jinkiri a majalisa, nakan yi shiru in gyara zama.

A hankali unguwa ta saba da baƙuwarta. Da farko nesa-nesa ake bi, ana gaishe da sojojin da hannu biyu. Sai wata rana sajan ya wanke safarsa ya shanya a kan bakin bindigar. Gwaggo ta gani. Ta ce in dai safa za ta hau, ba ta ga abin da zai hana zaninta ba. Ta ɗaura igiya daga bakin bindigar zuwa dalbejiya, kuma duk unguwar ba a taɓa samun igiyar shanya mai ƙarfin wannan ba. 'Yan acaba suka mai da gefenta tasha. Matan Fulani masu tallar nono suka riƙa sauke ƙoransu a inuwarta. Wata kaza ta yi ƙwai tsakanin tayoyin baya, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara, kofur ya zama mai korar shaho. Fareti kuwa an yi shi an gama, mun gani a talabijin, kuma ba wanda ya lura da cewa mota ɗaya ba ta je ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyarta wani dillalin filaye ne. Shekarun nan ne Abuja ta cika ta fara tumbatsowa wajenmu, kowane ma'aikaci na son ɗan fili a Keffi. Ko a wace kusurwar gari filin yake, sai dillalin nan ya biyo da mai saye ta layinmu. Yana zuwa daidai motar zai sa a rage gudu.

"Ranka ya daɗe, dubi tsaro. Takanas aka kawo mana ita. Nan ko ƙofa ba ma kullewa."

Da haka ya sayar da wata fadamar da ko kwaɗi sai sun yi shawara kafin su kwana a ciki.

Abin ya daina ba ni dariya wata Asabar da hantsi. Ina zaune a dakali sai ga wani dattijo Bafulatani, siriri, ƙafafunsa duk taɓo har gwiwa. Mijin ɗaya daga cikin masu nonon nan ne, rugarsu na can wajen Garaku. Ya wuce kowa ya je gaban sajan ya tsuguna. Ya ce wasu masu bindiga sun afka musu da asuba sun kore garkensa kaf. Ya ce ba su yi nisa ba, akwai 'yan maruƙa a ciki, ba sa sauri, ya bi sawunsu har bayan wani dutse. Matarsa ce ta ba shi labarin motar.

"Ba sai kun yi harbi ba," in ji shi. "Ƙararta kawai in suka ji za su watse. Ni zan nuna hanya."

Sajan ya sunkuyar da kai. "Baba, motar ba ya tashi."

Dattijon ya ce, "To, bindigar fa? An ce daga nan tana kaiwa Garaku."

Ba wanda ya kalli Baffa, amma kowa ya san inda yake zaune. Sajan ya juya. Ya hau motar, ya buɗe murfin sama, ya ciro wani akwatin ƙarfe, ya sauko da shi ya buɗe a gaban dattijon. Ba komai a ciki sai tsumma da wani cokali.

"Fareti za mu je," in ji sajan. "Ba a ba da harsashi don fareti."

"Bindigar kafaɗarka fa?" in ji dattijon.

"Wannan na tsaron mota ne. In na bar wajen nan, ni za a kulle."

Dattijon ya miƙe a hankali. Ya je ya dafa jikin motar da tafin hannu, kamar yadda suke dafa sa in za su saya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo ya tambaye mu, ba da faɗa ba, tambaya ta son sani:

"Wannan, shanu nawa za a sayar a saye ta?"

 Baffa ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya shige gida, ya kwana uku bai fito majalisa ba. Ni kuma na yi abin da na iya. Na ɗauko biro da takarda na rubuta wa dattijon ƙorafi da Turanci mai kyau, na nuna masa ofishin da zai kai. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Shanun ba su dawo ba. Daga baya na gan shi a Masaka yana gadin wani gini da ba a gama ba, sandarsa ta kiwo na jingine da tarin bulo.

Bayan kamar mako biyu sai ga babbar motar soja ta tsaya, mutum takwas suka diro. Unguwa ta ɗauka injiniyoyi ne, har mata suna leƙowa. Da suka sauke kaya sai muka ga gwangwanayen fenti. Ashe wani babban hafsa ne zai wuce ta Keffi, aka ce bai kamata ya ga kayan gwamnati a wulaƙance ba. Suka tsinke igiyar Gwaggo, suka kori kazar da 'ya'yanta, suka wanke motar tas. Suka shafe ta da kore, suka zagaye tayoyin da fari, har gindin dalbejiyarmu sai da ya samu rabonsa. Aka ce Gwaggo ta kwashe tandarta na yini ɗaya.

"Injin fa?" in ji bakanike, yana kallo daga nesa.

"Ba a aiko mu wajen inji ba," in ji shugabansu.

Ranar da babban zai wuce, sajan da kofur suka ƙame a gefen motar tun ƙarfe tara, takalma na sheƙi. Baffa ma ya fito ya tsaya a bayansu. Rana ta take, azahar ta yi, ba jiniya ba alamarta. Can wajen ƙarfe biyu sai muka ji ƙara daga sama. Jirgi mai saukar ungulu ne, ya wuce can ƙololuwa ya nufi Lafiya. Sajan ya ɗaga kai ya sara wa sararin sama. Gwaggo ta ce ita dai wa zai biya ta wainar yini guda.

Abin da ya karya sajan daga ƙarshe ba yunwa ba ce, ba kuma sauro ba. Wata safiya ya dawo daga wajen waya ya zauna a kan taya ya yi tagumi. Matarsa ta haihu tun kwana goma, an yi suna, ba wanda ya gaya masa sai yau.  Sannan ya tashi ya nufi gareji da kansa. Ina wajen, don ranar hutu ce.

"Oga bakanike," in ji shi, "rabin yinin nan da ka ce, har yanzu yana nan?"

"Sirrin gwamnatin fa?"

"Ka rufe ido ɗaya."

Matsalar ita ce layinmu hanya ce, ko wane ne zai iya wucewa ya ga farar hula kwance ƙarƙashin motar soja. A nan Baffa ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya sa aka fito masa da keken ɗinkinsa har zaure, ya karɓo tsofaffin tamfol na tifa guda huɗu daga gareji, ya haɗe su cikin awa ɗaya, ɗinki biyu-biyu, har da madaurai. Ban taɓa ganin hannunsa na gudu haka ba, kuma duk tsawon aikin bai ce uffan game da yaƙi ba. Aka zagaye motar da labulen. Duk wanda ya tambaya sai a ce ana kare sabon fenti ne daga ruwa.

Bakanike ya shiga da mutanensa biyu. Da suka kwance tankin suka tara bokiti, sai ya kira mu mu gani. Abin da ya fito ya rabu gida biyu, sama wani ruwa-ruwa mai warin kananzir, ƙasa kuma ruwa ne zalla, har da 'yar laka.

"Wannan ko fitila ba zai kunna ba," in ji shi. "Ni mamakina ma yadda ta kawo nan."

Ya sa filtar tifa, ya ce daidai take kamar don ita aka yi. Aka aro batir, aka zuba mai na kirki. Ana kiran la'asar kofur ya murɗa makulli. Ta yi tari ɗaya, ta kama. Ƙasa ta ɗauki rawa, kwanonin Gwaggo suka yi ta kaɗawa, awaki suka tsinke igiya. Sajan ya rungume bakanike duk da baƙin man da ke jikinsa, ya ruga wajen waya.

Ya dawo yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka. Muka taru muka tambaye shi. Ya ce yana cewa mota ya tashi, ogansa ya tambaye shi wa ya ba ta izinin tashi. An riga an rubuta cewa ta lalace, an amince a sayo kayan gyara, an ware injiniyoyi, an yi odar tirela. In ta tashi yanzu, to wa ya taɓa ta?

"Sai ka ce me?" in ji Baffa.

"Na ce kuskure ne, oga. Tifa ne ya wuce, na ɗauka namu ne."

Haka lafiyayyar mota ta koma ta kwanta ciwo. Unguwa guda, da 'yan acaba da masu nono, aka haɗa baki aka rufe maganar, abin da ban taɓa ganin mun yi a kan komai ba. Duk bayan kwana uku kofur kan tashe ta na minti biyar don kada batir ya mutu, bakanike kuma ya sa a tayar da tifa biyu a lokaci ɗaya don ƙarar ta ɓace a ciki.

Injiniyoyin sun iso ana girbin gyaɗa, su uku, cikin kayan aiki masu karin guga, da wani kwali da ba su taɓa buɗewa a gabanmu ba. Suka ɗaga murfin inji suka leƙa. Babbansu ya daɗe yana kallon filtar nan, ya ɗago ya dubi sajan, sajan ya dubi dalbejiya. Suka ci waina, suka ɗaure wani noti da yake a ɗaure. Sannan babban ya ce kofur ya gwada. Ta tashi bugu ɗaya. Muka yi tafi, bakanike ya fi kowa ƙarfin tafi, har babban injiniyan ya ɗaga masa hannu.

Na ɗauka shi ke nan za ta kama hanya. Ina! Tirela an riga an yi odarta, dole a yi amfani da ita. Motar da ƙafarta ta hau bayan tirelar, aka ɗaure ta da sarƙoƙi kamar za ta gudu. Sajan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Ya durƙusa wa Gwaggo har ƙasa, ita kuma ta ƙulle masa waina da yaji a leda, ta ce a shafa mata kan jariri. Ya ƙame ya sara wa Baffa, Baffa ya karɓa da kai ba hula.

Tirelar ta ja a hankali, muna biye muna ɗaga hannu. Ba wanda ya yi tunanin tsawon da motar ta ƙara da ta hau sama. Suna kaiwa bakin layi bakin bindigar ya saƙalo wayar lantarkin unguwa. Muka yi ta ihu, direban ya ɗauka bankwana muke yi, ya danna ham ya ƙara mai. Wayar ta tsinke, turakun wuta biyu suka biyo ta suka kwanta a hanya. Sati bakwai muka yi ba wuta a Gangaren Tudu. Iyakar sanina, mu ne kaɗai abokan gaban da bindigar nan ta taɓa cin galaba a kansu.